Ƙwaron da Ya Ci Lallenmu

Ni mai faci ne. Shekara da shekaru ina zaune bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura da injin iska da bahon ruwa, ina neman inda taya ta huje. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ta ba, saboda haka kada wani ya tambaye ni sunan ƙwaron nan a littafi. Ban sani ba. Na dai san shi ido da ido, don damina guda cur muka yi muna kokawa da shi a tsakar gidana, ni da maiɗakina.

A gidanmu na Kambarawa, bayan ɗakin girki, akwai itacen lalle. Maiɗakina 'yar wani ƙauye ce bayan Batagarawa. Shekarar da muka tare a gidan ta je ganin gida, ta dawo da ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta ce daga lallen tsohuwarta ta karyo. Na ce mata ba zai yi ba, ƙasar wajen duk tsakuwa ce da ɓaraguzan bulo. Ta dasa abinta, ta riƙa yin alwala a gindinshi. Yau ya fi katanga tsawo. Tsohuwar ta rasu, aka raba gado, wanda wajen ya faɗa hannunshi ya sare uwar itacen ya kafa turken awaki. Namu kaɗai ya rage.

Matan layinmu duk sun san shi. Suna, biki, jajibirin Sallah, sai ka ji sallama: "Mun zo roƙon lalle." Ban taɓa jin ta hana kowa ba. Har wadda suka yi cacar baki jiya kan kwata, in ta aiko yau za a tsinkar mata.

Ɗiyarmu ta fari kuwa, kun san yadda abin yake. Sai dai ita maiɗakina kunyarta irin ta mutanen da ce, ta ƙauye, wadda ba a sirka ta da komai ba. Tunda ta haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinta ba. "Ke." "Waccan." In ta matsu ƙwarai ta ce "yarinyar nan." Ba ta goya ta ta fita da ita ba, ba ta taɓa yabonta gaban mutane ba. Da aka yaye ta, yayata da ke cikin gari ta ɗauke ta, can ta zauna sai da ta gama firamare sannan ta dawo mana. Ƙannenta sukan haye jikin uwar su yi ta shagwaɓa, ita kuwa sai dai ta gaida ta daga bakin ƙofa. Ni ma ina tawa kunyar, amma tawa ta ɗan birni ce, ta sha iska. Mukan yi hira da ita, har ta yi mani tsiya.

Ta girma, ta yi karatunta, ta zama malamar firamare. Ita ta kawo mijinta da kanta, wani yaro marar hayaniya mai sayar da magani. Muka bincika, muka ga ba laifi. Aka sa rana, da an yi kaka. Duk hidimar biki aka ce ta gwaggonta ce, wato yayata, tunda ɗiyarta ce. Uwar da ta haife ta kuwa ko maganar ake sai ta tashi ta shiga ɗakin girki, kamar auren ɗiyar wasu ake zance.

Ruwa ya sauka, lallen ya yi sabon toho kore shar. Sai wata safiya na ji ta tana kirana da wata irin murya.

"Malam, zo ka gani."

Na je. Ganyen duk an cinye gefenshi, an yi mashi ƙananan giɓi kewaye, kamar yaro ya samu almakashi ya rasa abin yi. Na duba ban ga tsutsa ba, ban ga fara ba. Sai ta ɗaga wani ganye da ɗan yatsa, ga shi nan maƙale a ƙasa. Ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar wake ba, kalar toka, da wani dogon baki ya zuro gaba kamar mai shirin gulma. Na kai hannu zan murje shi, kafin in taɓa shi ya saki ganyen ya faɗo ƙasa, ya ƙanƙame ƙafafu, ya yi lamo. Ka rantse ya shekara da mutuwa. Muka tsaya muna kallo. Can da ya ji shiru sai ya miƙe ƙafa ɗaya, ya miƙe ta biyu, ya juya, ya kama hanyar gindin itacen abinshi.

Na yi dariya na ce, "Wannan ai ya fi wasu mutane wayo."

Ita ba ta yi dariya ba.

Na ce abu mai sauƙi ne, in na tashi aiki zan biya wajen masu maganin gona in sawo na feshi, ko a samo fiya-fiya a yayyafa, gobe a share gawa.

Ta ce, "A'a."

"Don me?"

"Kaji na kiwo a nan."

"Sai a kulle kajin."

"A'a, Malam. Ba za a sa mashi guba ba."

Na san wannan a'a ɗin. Shekarun da muka yi tare sun koya mani wadda ake lallashi da wadda ake bari. Na ɗauki babur na tafi aiki.

Ta fara da toka. Ta barbaɗe itacen tas har ya koma kamar tsoho, ruwa ya zo ya wanke, ƙwaron ya ci gaba da kiwonshi. Ta jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, ya kwana, ta yayyafa da tsintsiya. Gidan ya yi ta ɗaci har cikin maƙogwaro, shi kuwa ina jin miya ya ɗauke shi. Daga nan ta lura da halin nan nashi na faɗowa. Ta ce da sanyin safiya jikinshi a mace yake, ba ya gudu. In aka shimfiɗa zane a ƙasa aka girgiza itacen, zai zubo da kanshi. Sai dai itacen ya yi mata ƙarfi, ga shi yana da ɗan tsini a rassa. Kun ga inda maganar ta nufa.

Haka na samu sabon aiki ba albashi. In na dawo masallaci da asuba, gari ya ɗan waye, sai in tarar ta shimfiɗa tsofaffin zannuwanta kewaye da gindin. In naɗe hannun riga, in kama reshe, in girgiza. Sai ka ji suna zubowa tif-tif-tif kamar yayyafi a kan kwano. Kowane ya faɗo ya yi mutuwar ƙarya, zane ya cika da gawarwakin da ba su mutu ba. Ita kuma ta tattaro bakin zanen da sauri, ta kai tsakar gida ta zazzage, ta kira kaji. Da farko kajin har faɗa suke. Da tafiya ta yi tafiya suka ƙoshi da abin, zakaran ma in ya gani sai ya kauda kai. Ta koma zuba su cikin tsohon bokiti da ruwan omo.

Ni mutum ne mai ciwon baya. Wanda ya yi rayuwarshi a duƙe kan taya ya san abin da nake faɗi. Ga raɓa tana zubo mani a wuya, ga wasu ƙwarin ba sa faɗawa zane sai cikin rigata. Rannan ina tsaka da cire tayar wata mota na ji abu na tafiya a gadon bayana, na yi tsalle na yar da ƙarfe. Mai motar ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce mashi baƙo na taho da shi daga gida.

Kuma abin haushi, ka girgiza yau, gobe ka tarar da wasu. Ko daga ƙasa suke fitowa, ko daga mangwaron maƙwabta suke ƙetarowa, Allah masani. Sabon toho na leƙowa za su bi shi.

Wata safiya haƙurina ya ƙare. Na saki reshen na ce, "Ke, wai don Allah mene ne? Lalle ne fa. Ga shi can jibge a kasuwa, dakakke, tankaɗaɗɗe. A bar ƙwaron nan ya ci rabonshi mana, baɗi ya sake toho."

Tana duƙe tana tattara zane, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baɗi daban."

"Me ya raba baɗi da bana?"

"In ka gaji ka bari, Malam. Zan nemi gora in riƙa kaɗawa."

Ban bari ba, amma na tafi aiki ina ƙunƙuni.

Ranar Juma'ar da ta biyo ina gida kafin masallaci, sai ga matar maƙwabcinmu ta shigo da ɗan kwano. Ƙanwarta ta haihu, ana son lallen suna. Ina daga ɗaki ina jin su. Sai na ji maiɗakina ta ce, "Wallahi ki yi haƙuri, bana ƙwaro ya cinye. Ba abin da zan iya ba ki." Matar ta yi turus, don ga ganye tana gani, ko ba yawa akwai. Ta fita tana "ba komai, ba komai," irin ba komai ɗin da ke da komai.

Ina zaune da hula a hannu na ji kamar an buɗe mani taga. Matar da ba ta taɓa hana kowa ba. Guba ba za a sa ba. Baɗi daban. Ni da nake gano hujin allura a cikin taya, abu na gabana wata da watanni ban gani ba.

Da ta shigo ɗaukar wani abu na ce, ina kallon hulata, "Ke lokacin naki bikin, wa ya kawo lallen?"

Ita ma ɗiyar fari ce a gidansu. Ta daɗe tana neman abin da ta zo ɗauka, alhali yana gabanta.

Ta ce, "Aiko shi aka yi. Ba a ce daga wa ba."

"Kin gane?"

"Wa zai kasa gane lallen gidansu?"

Ta fita. Ba mu sake maganar ba, har yau. Amma washegari na riga ta fitowa, ni na shimfiɗa zannuwan.

Ita yarinyar tana ganinmu kullum in za ta fita makaranta. Rannan ta tsaya da jakarta tana dariya.

"Baba, an bar faci ne an koma kaɗe-kaɗe?"

Na ce, "Ke dai wuce, kada ki makara. Aikin gwamnatin gida nake."

"Kawo in riƙe maku zanen."

Uwar ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ke, ba aikinki ba ne. Wuce."

Yarinyar ta ɗan tsaya. Ta dubi itacen, ta dubi bayan uwarta, ta ce, "To, Inna, sai na dawo." Ban san abin da ta gane ba a lokacin. Halin uwar gare ta, ba a karanta fuskarta.

Ruwa ya ja baya, ƙwaron ya ragu don kanshi, ba don ya ji tsoronmu ba. Abin da muka tsirar ba shi da yawa. Ta bi reshe reshe tana tsinka, tana ware wanda aka ci da yawa. Wanda giɓinshi kaɗan ne ta haɗa da shi, ta ce ƙwaro bai cinye jan ba. Ta shanya a inuwa cikin ɗaki kan faifai, ta hana yara shiga. Da ya bushe ta daka da kanta, ta tankaɗe, ta sake dakawa, ta sake tankaɗewa da ɗan yadi mai laushi. Duk wahalar damina, da ciwon bayana, da fushin maƙwabciya, abin da ya fito bai cika ƙaramin kwanon sha ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki, yarinyar ta riga ta koma gidan gwaggonta, na fito zan tafi aiki na ga ƙulli a baƙar leda rataye a hannun babur.

Ta ce daga ɗakin girki, "In ka bi ta wajen Yaya, ga saƙo nan."

"In ce mata me?"

"Ka ce lalle ne."

"Na wa?"

"Lalle dai."

Yayata mace ce mai baki. Ta girme ni nesa, ita ta goya ni, kuma har yau kallon mai majina take mani. Na same ta tsakiyar kaya, ana ta lissafin kwanuka da 'yan aiki. Na miƙa mata. Ta kwance, ta leƙa, ta kwashe da dariya.

"Kai, wannan fa? Na ƙafar kaza ne? Mu da muka ɗauko mai ƙunshi ta zamani, da kayanta za ta zo, ja da baƙi, zane kamar a littafi. Yaran yanzu wa zai zauna a ɗaure mashi ƙafa wuni guda kamar mai karaya?"

Na ce, "Yaya, ni dai an ba ni na kawo."

"Wa ya ba ka?"

"Ba a ce in faɗa ba."

"Ji shi! Da furfurarka ake aikenka ba ka san saƙo ba?"

Na ce, "Yaya, damina guda na yi ina girgiza itace da asuba saboda abin da ke hannunki. Bayana har yanzu bai dawo daidai ba. In za ki zubar, ki bari in fita tukuna."

Ta daina dariya. Ta kai ledar hanci ta shaƙa, ta ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsu. Ta dube ni.

"Ita ta daka?"



"Uhm. Mutanen ƙauye da taurin kai," in ji ta, amma a hankali ta faɗa. Ta ƙulle ledar ta tura cikin lalitarta. "Ban yi maka alkawari ba. Amarya da ƙawayenta ke da ƙafa, ba ni ba. Tashi ka ba ni wuri."

Da na koma gida maiɗakina ba ta tambaye ni ba. Sha'anin ƙunshi na mata ne, uba ba ya leƙawa. Ranar da aka yi shi uwar tana gida tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Ranar ɗaurin aure gida ya cika, ita kuwa ta shige ƙuryar ɗaki ta ja labule, mata na shiga suna tsokanarta, "Uwar amarya ko dai baƙuwa?" Ta ce su tambayi mai ɗiya, tana cikin gari.

Bayan la'asar aka kawo amarya sallama kafin a wuce da ita. Gidanmu ba girma gare shi ba, saboda haka a ɗakin uwar aka haɗa mu. Ita tana zaune bakin gado can ciki, ta ja mayafi har goshi. Ni ina kan kujera kusa da ƙofa. Yayata ta shigo riƙe da yarinyar, an lulluɓe ta ruf, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta tuɓe takalmi, ta wuce ni, ta durƙusa gaban uwarta ta dafa ƙasa da hannu biyu.

Hannuwan ne suka fito daga mayafi. Baƙin zane ne tun daga yatsu har gwiwar hannu, furanni da rassa, irin na zamani, mai kyau ƙwarai. Ba ɗigon ja ko ɗaya. Na ga idon maiɗakina ya sauka kansu, ya ɗan tsaya, sannan ta maida shi bango. Fuskarta ba ta motsa ba. Ni na san ta, na ga yadda ta haɗiye abin.

Ta ce da bangon, "A yi haƙuri. A bi Allah, a bi miji. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ni kuwa da ke bayan yarinyar, tafin ƙafafunta na kallona, tunda a durƙushe take. Ja wur. Ba jan kanti mai kama da fenti ba, jan nan mai duhu da ke shiga fata, an shafe tafin duka har ya ɗan hau gefe, ba zane ba ƙawa, irin na iyayenmu. Wanda duk ya ga wannan ya san an wuni a ɗaure. Ga shi ina gani, wadda ta daka ba ta gani. In yi magana, ba hali. Na yi gyaran murya, na dubi yayata, na dubi ƙasa.

Yayata ta harare ni, irin ta "na riga ka." Sai ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce da ƙarfi, "To, ya isa. Juya ki gaida ubanki, ga shi can ya zauna kamar an dasa shi. A'a, kada ki tashi, juyo a haka."

Yarinyar ta juyo a kan gwiwoyinta ta fuskance ni, ta ba uwarta baya. Na ga ta kai hannu baya ta ɗan janye bakin zanenta sama, kamar mai gyarawa.

Na fara nasiha. Wallahi ban san abin da na ce ba, ina jin har maganar tsaftar tukunya na yi. Idona na can bakin gado. Maiɗakina ta sauke ido daga bango. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ni kuma na yi ta jan magana, na ƙare in sake farowa, har yayata ta ce, "Kai, wa'azin ya isa haka, motoci na jira."

Aka ɗaga ta, aka fita da ita, guɗa ta tashi a tsakar gida, hayaniya ta bi su waje. Ɗakin ya rage daga ni sai ita.

Ta gyara mayafinta, ta goge hanci da bakinshi. Ta ce, ba da ni ba, ba da kowa ba:

"Ya kama."

Na ce, "Ya kama kam."